Bin Sawun Manhajar da Ta Faɗi a Cikin Ƙaramar Kwamfuta

 

Duk wanda ya taɓa ɗora manhaja a kan allon ESP32 ya san wannan lamari. Na'ura tana aiki lafiya lau, fitila tana ƙyaftawa, bayanai suna tafiya ta Wi-Fi, sai kwatsam tagar siriyal ta cika da rubutu. Layin farko ya ce "Guru Meditation Error", lambobi irin su 0x400d1a3c su biyo baya jere-jere, a ƙarshe a ga "Rebooting", na'ura ta sake tashi sai ka ce ba abin da ya faru. Bayan minti goma, ko kwana biyu, ta maimaita. Abin da yawancin masu koyo ke yi a nan sananne ne: a goge tagar, a zare kebul a mayar, a sauya wani layi da zuciya ba ta kwanta da shi ba, a zuba ido. Wasu ma allon suke ɗora wa laifi, su ce jabu aka sayar musu, su koma kasuwa su sayo wani. Sabon ma ya yi irin ta tsohon.

Rubutun nan da ake gaggawar gogewa kuwa shi ne shaida mafi ƙarfi da mai gyara zai samu. A cikinsa na'ura ta faɗi abin da ya kayar da ita, da inda take tsaye lokacin da ta faɗi, da hanyar da ta bi har ta isa wurin. Sai dai ta faɗe shi ne da lambobi, kuma abin da ta nuna wurin faɗuwa ne kawai. Mai laifin sau da yawa ya daɗe da barin wajen.

Maikurokwantirola, irin wadda ke kan wannan allo, ayisi ce guda ɗaya da ta haɗa ƙwaƙwalwar lissafi, da memori, da ƙafafun da ake jona fitila, mota ko na'urar awo. Ita ce a cikin mitar wuta, da inbata, da injin wanki, da akwatin da ke sarrafa injin mota. Wadda ke kan Arduino Uno, wato ATmega328P, kilobayit 2 kacal ne RAM ɗinta. ESP32, wadda kamfanin Espressif na birnin Shanghai ya fitar a 2016, tana da kilobayit 520 da ƙwaƙwalwa biyu masu gudun da ya kai megahaz 240. Duk da haka ba ta da allon kallo, ba ta da wani Windows da zai fito da akwatin gargaɗi. In ta faɗi, abin da za ta iya kawai shi ne ta tura 'yan layuka ta wayar siriyal, galibi da saurin 115200, kafin ta sake tashi. Wanda bai buɗe taga a lokacin ba ya yi asararsu.

Shi kuwa wancan baƙon suna na "Guru Meditation" gado ne daga kwamfutar Amiga da kamfanin Commodore ya fitar a 1985, wadda ke nuna shi cikin jan akwati in ta rikice. Injiniyoyin Espressif raha suka yi da shi, ba wani bayani a cikinsa. Bayanin yana cikin abin da ya biyo baya.

Kafin a iya karanta shi, dole a fahimci abin da ake kira tari. Manhaja ba doguwar magana ɗaya ba ce, an yanka ta ne zuwa ƙananan ayyuka masu suna, kuma wani aiki yana kiran wani. Aikin loop zai kira aikin auna ruwa, na auna ruwa ya kira na karanta ƙafar ayisi. Duk lokacin da aka yi kira, ƙwaƙwalwa tana ajiye abu biyu a wani yanki na RAM: adireshin da za ta koma in aikin ya ƙare, da ƙananan bayanan da aikin ke amfani da su. Sabon kira yana hawa kan na baya, wanda ya zo ƙarshe shi ke fara sauka. Wannan yanki shi ne tari. Amfaninsa ga mai gyara shi ne, a daidai lokacin faɗuwa tarin yana ɗauke da adireshin duk ayyukan da aka shiga ba a fito ba. Kamar mai bin sawun shanun da aka kora ne: daga inda sawu ya ƙare ake farawa, a riƙa komawa baya har a isa garken da aka kwance su.

Saƙon ESP32 kashi uku ne. Na farko dalili, kuma yana zuwa da suna da lamba. LoadProhibited, lamba 28, na nufin manhaja ta nemi karanta adireshin da bai halatta ba. StoreProhibited, lamba 29, rubutu ne a irin wannan wuri. Lamba 6 raba lamba da sifiri ce. Lamba 20, InstrFetchProhibited, na nufin ƙwaƙwalwa ta yi tsalle zuwa inda babu umarni ko ɗaya. Lamba 0, IllegalInstruction, ta tarar da abin da ba ta gane shi a matsayin umarni ba, wanda sau da yawa yake faruwa in an rubuta aikin da ya yi alkawarin dawo da amsa amma aka manta da layin dawowar.

Kashi na biyu rajistoci ne, wato 'yan ƙananan ma'ajiyai da ke cikin ƙwaƙwalwar kanta. Suna da yawa, daga A0 zuwa A15 da wasu, amma biyu ne abin fara dubawa. PC tana riƙe da adireshin umarnin da ake kai lokacin da abin ya faru. EXCVADDR kuma tana riƙe da adireshin da aka yi yunƙurin taɓawa. Wannan ta biyun ana yawan tsallake ta, alhali sau da yawa ita kaɗai ta isa ta warware rabin matsalar. In ta nuna sifiri, ko lamba ƙarama kusa da sifiri kamar 0x00000008, to kusan tabbas manuni ne fanko: manhaja tana riƙe da wani adireshi da ba a taɓa cika shi ba, ta je neman kaya a cikinsa. Takwas ɗin nan ma tana da ma'ana, tana nuna cewa abin da aka nema yana bayit takwas daga farkon tsarin bayanan. In kuwa ta nuna wata lamba da ba ta yi kama da adireshin komai ba, to an taka manunin ne da wani rubutu, ko kuma ba a ba shi ƙima ba tun farko. Wannan manuni fanko tsohon ciwo ne. Tony Hoare, masanin Ingila da ya shigar da shi cikin yaren ALGOL W a 1965, da bakinsa ya kira shi kuskuren da ya ci dala biliyan a wata lacca da ya yi a Landan a 2009.

Kashi na uku shi ne layin da ya fara da "Backtrace". Lambobinsa bibbiyu suke zuwa, da ɗigo biyu a tsakani. Ta hagu adireshin umarni ce, ta dama matsayin tari a wannan mataki. Ta farko a jerin ita ce wurin faɗuwa, ta biyu wanda ya kira shi, ta uku wanda ya kira wancan, har zuwa tushe. Wanda idonsa ya saba yana iya fahimtar wani abu tun kafin ya buɗe wata manhaja. A ESP32 ta asali, adireshin da ya fara da 0x400d galibi manhajar da ke cikin filash ce, wato tasa da ɗakunan karatun da ya jawo. Wanda ya fara da 0x4008 umarni ne da aka ajiye a RAM saboda sauri. Mai 0x4000 na cikin ROM ne da kamfani ya ƙona tun daga masana'anta. Mai 0x3ffb kuwa bayanai ne, ba umarni ba.

To yaya lamba za ta koma layin da mutum ya rubuta da hannunsa? A nan fayil ɗin ELF ke shigowa. Duk lokacin da kwamfaila ta juya rubutun C zuwa yaren na'ura, fayil biyu take fitarwa. Ɗaya ƙarami ne mai ƙarewa da bin, shi ake ɗorawa a ayisi, kuma babu suna ko ɗaya a cikinsa. Ɗayan babba ne mai ƙarewa da elf, yana zama a kwamfutar mai rubutu, yana ɗauke da cikakken jadawali: adireshi kaza na aiki kaza ne, a fayil kaza, layi na kaza. Akwai 'yar manhaja cikin kayan aikin GNU mai suna addr2line da ba ta da wani aiki sai duba wannan jadawali. Ta ESP32 sunanta xtensa-esp32-elf-addr2line, kuma tana nan cikin kayan da aka sauke tare da allon, ko mutum ya sani ko bai sani ba. Ana ba ta fayil ɗin ELF da jerin adireshi, ta dawo da sunaye. Mai amfani da ESP-IDF, kayan aikin Espressif, ba ya ma buƙatar wahala, umarnin idf.py monitor yana fassara lambobin suna fitowa. A PlatformIO layi ɗaya ake ƙarawa a fayil ɗin saiti, a kunna esp32_exception_decoder. Masu tsohuwar Arduino IDE sun daɗe suna amfani da EspExceptionDecoder, sai dai ba ta aiki a sabuwar IDE ta 2, sai an nemi wadda aka yi domin ita.

A ɗauki misali. Wani ɗalibi ya haɗa na'urar da ke auna ruwan tanki, ta kunna famfo in ya yi ƙasa, ta kuma aika rahoto ta intanet duk bayan minti ɗaya. A kan tebur tana aiki. Da aka kafa ta, sai ta riƙa sake tashi duk bayan kwana ɗaya ko biyu. Ya bar kwamfuta a jone har ya kama saƙon: LoadProhibited, EXCVADDR tana nuna 0x00000008, sawu kuma mataki uku, 0x400d1a3c:0x3ffb1f80 0x400d1b10:0x3ffb1fa0 0x400d2c55:0x3ffb1fc0. Da addr2line ta duba, na farko ya zama aikin aikaRahoto a layi na 57, na biyu loop a layi na 112, na uku loopTask na Arduino kanta. Layi na 57 kuwa ba komai a cikinsa sai karanta wani fili daga tsarin rahoton. Layin ba shi da aibi. Amma layi uku a sama akwai malloc, wato roƙon wuri daga rumbun memori, kuma ba a duba ko an samu ba. In malloc ta rasa wuri, sifiri take dawowa da shi. Ga manuni fanko.

Mai gaggawa zai tsaya a nan, ya sa sharaɗin duba sifiri, ya ce an gama. Na'ura za ta daina faɗuwa, gaskiya ne, amma za ta daina aika rahoto bayan kwana biyu, kuma a wannan karon ba za ta ce uffan ba. Tambayar da ta rage ita ce me ya sa wuri ya ƙare. Ko dai akwai inda ake karɓar memori ba a mayarwa, ko kuma rumbun ya farfashe: jimillar wurin da ya rage tana da yawa, amma guntu-guntu ne, babu yanki guda da zai ɗauki abin da aka nema. Yawan haɗa rubutu da String na Arduino yana jawo haka. Hanyar tantancewa ita ce a riƙa buga lamba biyu lokaci-lokaci, jimillar abin da ya rage da kuma girman yanki mafi girma, wanda heap_caps_get_largest_free_block ke bayarwa. In ta farko tana raguwa kullum, yoyo ne. In ta farko tana tsaye ta biyu tana zubewa, farfashewa ce.

Akwai tarko a wannan aiki, kuma mafi muninsu shi ne fayil ɗin ELF da bai dace ba. Ko layi ɗaya aka ƙara aka sake haɗawa, adireshi na iya gocewa. addr2line ba ta san haka ba. Za ta ba da suna da lambar layi cikin natsuwa, mutum ya kwana yana tuhumar aikin da ko kusa da wurin bai je ba. Arduino IDE tana ajiye ELF ne a jakar wucin gadi, kuma kowane sabon haɗi yana taka na baya. Saboda wannan ne saƙon faɗuwa na ESP32 yake ɗauke da layin "ELF file SHA256", guntun hatimi da za a gwada da fayil ɗin da ke hannu. Wanda ya kafa na'ura a gonar wani ko a shagon wani bai adana ELF ɗin wannan sigar ba, in aka turo masa hoton saƙon bayan wata shida, lambobi kawai zai gani.

Tarko na biyu kwamfaila ce ke ɗana shi da kyakkyawar niyya. Don sauri da tsimin wuri takan narkar da ƙaramin aiki cikin wanda ya kira shi, ta sake jera umarni, har layin da aka nuna ya zama na kusa da inda abin ya faru ba shi kansa ba. Shi ya sa ake ƙara wa addr2line haruffan -pfiaC, inda harafin i ke sa ta fito da ayyukan da aka narkar. Na uku ƙarami ne amma yana ruɗa mutane: a ESP32 rajistar A0 tana riƙe da adireshin komawa, sai dai takan fara da 0x800d maimakon 0x400d, domin ƙwaƙwalwar Xtensa da ke cikinta tana amfani da bit biyu na sama wajen wani lissafin nata. Mai son duba ta da hannu sai ya mayar da takwas ɗin huɗu.

Ba kowace ayisi ce ke ba da sawu a tsare haka ba. ESP8266, yayar ESP32 da ta fito a 2014, zubo tarin take yi ɗanye, manhajar fassara ta tsinci duk lambar da ta yi kama da adireshin umarni. A ciki har da tsofaffin adireshi na ayyukan da suka daɗe da ƙarewa, don haka jerin da ta bayar ba a karɓarsa ido rufe. ESP32-C3, mai ƙwaƙwalwar RISC-V, ita ma tarin take zubowa, sai idf.py monitor ta kira manhajar bincike GDB ta sake gina sawun a kwamfuta.

Yanzu ga inda aikin yake da wuya da gaske: lokacin da tarin da kansa ya lalace. A ESP32 manhajar FreeRTOS ce ke raba lokaci tsakanin hidimomi, kuma kowace hidima da nata tarin mai iyaka. Na loop ɗin Arduino bayit 8192 ne in ba a sauya ba. Wanda ya buɗe jerin bayit 10000 a cikin aiki ɗaya ya riga ya tsallake iyaka, ya shiga rubutu a memorin maƙwabci. In an yi sa'a, saƙon zai ce "Stack canary watchpoint triggered" ya ambaci sunan hidimar, domin an kafa tsaro a bakin iyakar. In ba a yi sa'a ba, rubutun ya tsallake tsaron ya sauka can gaba, na'ura ta ci gaba da aiki, sai daga baya wata hidima da ba ruwanta ta faɗi. Sawun zai nuna cikin manhajar Wi-Fi ko cikin free mai mayar da memori, ko ya yanke a tsakiya da kalmar CORRUPTED. Mai gyara da ya ga sawu yana nuna wuri daban a kowace faɗuwa, ya daina zargin wuraren da aka nuna. Lalacewar memori ce.

Akwai dabarun kama ta. FreeRTOS tana cika sabon tari da lambar 0xa5, don haka uxTaskGetStackHighWaterMark na iya ƙirga nawa ne ba a taɓa takawa ba. ESP-IDF kuma tana da saitin da ke sa hatimi a kai da gindin duk wurin da aka bayar daga rumbu, 0xabba1234 a sama, 0xbaad5678 a ƙasa. In aka tsananta saitin, wurin da aka mayar ana cika shi da 0xfe, wanda aka bayar ba a rubuta ba da 0xce. Daga nan duk wanda ya ga 0xfefefefe a rajista ya san an yi amfani da memori bayan an mayar da ita.

Kada a ɗauka wannan ciwon ɗalibai ne kawai. A watan Oktoba na 2013 wata kotu a jihar Oklahoma ta Amurka ta saurari ƙara kan motar Toyota Camry ƙirar 2005 da aka ce ta ƙwace da gudu a 2007, mutum ɗaya ya rasu. Michael Barr, ƙwararre a irin wannan manhaja, ya duba rubutun da ke sarrafa totur, ya shaida wa kotu cewa kamfanin ya ƙiyasta tari ba zai wuce kashi 41 cikin ɗari ba, alhali lissafinsa ya kai kashi 94, ban da ayyukan da ke kiran kansu. Binciken da hukumar NASA ta fitar a 2011 bai gano laifin lantarki da ya jawo irin wannan gudu ba, kamfanin kuma ya musanta. Amma masu taya alƙali yanke hukunci sun karɓi hujjar masu ƙara, suka yanke diyyar dala miliyan 3. An gina muhawarar ne a kan karanta rubutun manhaja da gwaje-gwaje, ba a kan wani sawu da motar ta bari a ranar ba.

Wani nau'in kuma ba faɗuwa ba ne, maƙalewa ce. Kusan kowace ayisi tana da agogon gadi, wanda manhaja ke taɓawa a kai a kai don nuna tana raye. In lokaci ya cika ba a taɓa shi ba, sai ya yi ƙara ko ya sake tayar da na'urar. A ESP-IDF na hidimomi daƙiƙa 5 ne, na katse kuma, wato kiran gaggawa da ke tsayar da ƙwaƙwalwa, milidaƙiƙa 300. Saƙonsa yakan ce hidimar IDLE ce ba ta amsa ba, sai mai koyo ya shiga neman IDLE a rubutunsa. IDLE ita aka zalunta. Ita ce mafi ƙarancin matsayi, ba ta samun dama sai kowa ya huta. Sunan da ake nema yana 'yan layuka ƙasa, inda aka rubuta hidimar da ke riƙe da ƙwaƙwalwa a lokacin, kuma galibi wani zagaye ne da ke jiran abu ba ya sakin layi.

Shahararren misalin wannan ya faru ne a duniyar Mars. Kumbon Pathfinder ya sauka ranar 4 ga Yuli, 1997, kuma bayan 'yan kwanaki kwamfutarsa ta shiga sake tashi da kanta. Kwamfutar ta fi ESP32 tsada nesa ba kusa ba, amma tsarin ɗaya ne: hidimomi masu matsayi daban-daban a ƙarƙashin manhajar VxWorks. Wata hidima mai ƙaramin matsayi da ke tattara bayanan yanayi ta riƙe makullin wata hanya, hidima mai babban matsayi tana jiran makullin, sai masu matsakaicin matsayi suka cinye lokaci suka hana ƙaramar ta gama ta saki. Mai sa ido ya ga babbar ba ta kammala ba, ya sake tayar da komai. Injiniyoyin cibiyar JPL ta Kalifoniya, ƙarƙashin Glenn Reeves, sun taɓa ganin alamar matsalar kafin saukar, amma ta ƙi maimaituwa. Abin da ya cece su shi ne ba su cire kayan bin sawu daga manhajar ba. Suka kunna su a kan kwafin kumbon da ke ɗakin gwaji, cikin ƙasa da sa'a 18 matsalar ta bayyana, rikodin ya nuna wanda ya riƙe makulli da wanda ke jira. Gyaran shi ne kunna wani saiti da ke ara wa mai riƙe da makulli matsayin mai jiransa, aka tura shi daga ƙasa.

Saƙo ɗaya ne ba ya buƙatar addr2line ko kaɗan: "Brownout detector was triggered". Wuta ce ta yi ƙasa. ESP32 tana aiki da bolt 3.3, kuma lokacin da rediyon Wi-Fi ya tashi aikawa takan ja wuta da ƙarfi nan take, shi ya sa Espressif ke ba da shawarar tushen wuta mai miliamfiya 500 aƙalla. Siririn kebul, caja mai arha, batirin sola da ya gaji, ko famfon da ke jan wuta daga layi ɗaya da allon, kowannensu ya isa. Maganin kebul mai kyau ne da kafasita kusa da ƙafar wuta. Masu kashe na'urar gargaɗin a cikin manhaja suna sayen matsala mafi girma ne, domin ayisin da ke rubutu a filash cikin ƙarancin wuta na iya lalata abin da ke ciki.

A ɓangaren ARM kuwa, irin su STM32 na kamfanin STMicroelectronics, abin ya fi shiru. In an yi babban kuskure ƙwaƙwalwa tana tsalle zuwa HardFault_Handler, wanda a yawancin rubutun da kamfani ke bayarwa zagaye ne marar ƙarshe. Na'ura ta daskare, ba saƙo. Amma shaidar tana nan. Kafin tsallen, ƙwaƙwalwar Cortex-M da kanta tana ajiye rajista takwas a kan tari: R0 zuwa R3, R12, LR, PC da xPSR. Wanda ya jona na'urar bincike ST-Link ya tsayar da ita zai iya ciro PC da LR ya ba arm-none-eabi-addr2line. A Cortex-M3 da M4 akwai rajistar CFSR a adireshin 0xE000ED28 mai faɗin irin laifin, da BFAR mai faɗin adireshin da aka taɓa. In CFSR ta nuna IMPRECISERR, PC ɗin da aka ajiye ta riga ta wuce wurin laifin da 'yan umarni, domin rubutun ya jinkirta a hanya. Abu biyu kuma suna wucewa ba tare da ƙara ba: raba lamba da sifiri sifiri yake bayarwa sai an kunna tarkonsa da gangan, kuma a STM32 karanta adireshin sifiri yakan dawo da abin da ke farkon filash, don haka manuni fanko na iya yin shekara ba a kama shi ba. Cortex-M0+ da ke cikin Raspberry Pi Pico ba ta da CFSR ma, rajista takwas ɗin nan ne kaɗai abin riƙewa.

Arduino Uno kuwa ba ta da ko wannan. In tari ya ci karo da rumbu a cikin kilobayit biyun nan, ba wanda zai faɗa. Rubutu zai fito a hargitse, ko na'ura ta koma farko. Sai dai mutum ya cika memori da wata lamba da hannunsa, ya riƙa duba iya inda aka taka.

Na'urar da aka kafa a saman tanki ko a tsakiyar gona ba wanda ke zaune gabanta da kwamfuta. Saboda haka ESP-IDF ta tanadi hanyar ajiye hoton memori a wani yanki na filash lokacin faɗuwa, a karanta shi daga baya da idf.py coredump-info, ya nuna sawun kowace hidima ba ta wadda ta faɗi kaɗai ba. Aikin esp_reset_reason kuma yana faɗa wa manhaja, da zarar ta tashi, ko wuta ce ta ɗauke, ko agogon gadi ne, ko faɗuwa. Layi kaɗan ne a rubuta wannan amsa cikin rahoton farko da na'ura za ta aika.

Roƙo ga malamai masu duba aikin ƙarshen karatu: a riƙa neman ɗalibi ya miƙa fayil ɗin ELF tare da allonsa, a kuma sa shi ya kayar da na'urar da gangan a gaban kwamiti, ya karanta saƙon, ya nuna layin. Ɗalibai da masu sana'a kuma, duk sigar da za ta fita daga hannu a ajiye ELF ɗinta da kwanan wata a jaka ta daban, kuma in saƙon faɗuwa ya fito a kwafe shi gaba ɗaya, daga layin farko har na ƙarshe, kafin a taɓa kebul.